Idon Raga Yatsa Uku

A bayan kasuwarmu ta Madarumfa an yi wani dogon gini mai rufin kwano wanda mutane ke kira santir. Makaranta ce, amma ba ta yara ba. Manya ne ke zuwa, masu gemu da masu goyo, waɗanda talauci ya yi wa katutu, a koya musu sana'a wata uku a sallame su da takarda. In na bi ta wajen da hantsi nakan ji kekunan ɗinki suna tsere, ga ƙarar masu walda, ga wani can yana ta da injin ban-ruwa yana kashewa. Da farko dariya abin yake ba ni. Nakan ce wace irin sana'a ce za ta nuna cikin wata uku, ai ko dawa ta fi haka daɗewa a gona. Ina nan ina shaguɓena sai ga madam ɗin da ke riƙe da wurin ta yi sallama a ƙofar gidana. Yarinya ce sa'ar jikata, da tabarau, da ɗan kaye, wato littafin rubutu, a hannu.

"Baba," ta ce bayan mun gaisa, "an ce mini duk garin ga babu wanda ya kai ka iya saƙa raga. Muna da mutanen da za su koyi kamun kihi da kiwonshi. Ka taho ka gwada musu."

Na ce, "Ɗiyata, waɗanda sunka hi ni duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na zama gwani."

Ta yi dariya ta rubuta wani abu cikin kayenta, ban san ko me ba ne. Na amsa mata zan zo. Amma tun da ta juya baya zuciyata ta koma bakin tabki, ƙarƙashin wata tsamiya da ta daɗe da faɗuwa, ta zauna ta ƙi tashi.

Tabkin nan da kuke gani ba shi ne na ƙuruciyarmu ba. Ruwan dai shi ne, amma muryarsa ta sauya. A da, kafin rana ta ɗago, abin da ke fara shiga kunnenka luguden mata ne daga unguwa zuwa unguwa, sai kukan kirinjijiya da ke tashi garke-garke daga kan ruwa, sai ƙwanƙwasar goruna, manyan nan da masunta ke kwanciya a kai su shiga tsakiya. In hantsi ya yi hayaƙin banda ya rufe gaɓa, ƙamshinsa ya bi ka har gona. Mu yara aikinmu kai jakuna shan ruwa da yankan ciyawa, mu dawo ƙafafu fari fat da busasshiyar laka, Inna ta tare mu da faɗa tun daga zaure, ta gama faɗan ta miƙo mana fura. Yanzu in ka je gaɓa kukan moto ne, baburan ƴan kabu-kabu, da injunan lambu, kowane saurayi da waya a kunne, ledoji sun maƙale a ƙaya kamar an shanya su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan sauron da ake rabawa a likita don mata masu ciki, shi wasu ke ɗinkewa su ja cikin ruwa, su kwashe har kifin da bai kai farce ba. In ka yi magana a ce tsoho ya fara rikicewa.

Ni kuwa asalina ba ɗan ruwa ba ne. Gidanmu manoma ne kaka da kakanni, ba mu san kifi ba sai a miya. A wancan zamani sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya ja zugazugi, ɗan wanzami ya riƙe zabira, ɗan masunci ya iya iyo kafin ya iya gudu. Mu abin da muka gada hauya ce, da wata al'ada guda wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya riƙe da ƙarfi fiye da komai in ban da salla. Kowace kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, sai ya bi gonar hatsi da kansa yana zaɓen zangarniya, wadda ta fi tsawo, ta fi cika, tsuntsu bai taɓa ba. Ya ɗaure su daban da igiyar rama, ya rataye can ƙololuwar rumbu. Wannan shi ne iri. Tun zamanin kakansa hatsin nan guda ake juyawa a gonarmu. Ina ƙarami yakan ɗaga ni in taɓa damin da hannuna, ya ce, "Ka ga wanga? Ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Ko gawa ta kwanta cikin gida don yunwa, ba a sauke shi." Nakan ce to, amma maganar ba ta shiga ta ba, don a lokacin ba mu taɓa ganin ƙasan rumbunmu ba.

Ya rasu, na girma, na yi aure, muka haifi uku. Gida ya dawo wuyana, har da Inna da idonta ya fara rauni. Sai wata shekara ta zo wadda ko sunanta ba na son tunawa. Ruwa ya sa mu shuka sau biyu ya ɗauke, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Ɗan abin da ya rage na iri na mayar da shi ƙololuwar rumbu don baɗi. Muka cinye abin da ke ƙasa, muka cinye akuyoyi, muka koma dusa da ganyen jiga, da anza wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Unguwa ta yi tsit. Ba ka jin turmi, don babu abin dakawa, kuma wannan shirun ya fi kukan mutuwa tayar da hankali. Wata rana da azahar autarmu ta daina kukan ma, sai dai ta buɗe baki ba murya. Na hau rumbu na sauko da damin iri. Mai ɗakina ta dube ni, ta dubi damin. Ta shiga ɗaki ta murje zangarniyar da tafin hannu, ta niƙa a dutse a hankali, don kada maƙwabta su ji turmi su tambaya, kada kuma Inna ta sani. Kwana tara muka yi muna shan kununsa. Yarinyar ta tashi, tana nan yanzu har da jikoki. Ni kuma tun ranar ban ƙara iya bi ta gefen kushewar mahaifina ba. Babu wanda ya san abin sai ni da mai ɗakina da Allah.

Manomin da ba shi da iri ba shi da dalilin jiran damina. Duk ranar kasuwa kamiyo, babbar motar nan ta kaya, na tsayawa bakin hanya ya kwashi maza zuwa Najeriya, wasu Katsina, wasu Kano, wasu har bakin teku. Ana cewa ci-rani, amma mun ga waɗanda raninsu ya ƙi ƙarewa, matansu suka gaji da jira, gidajensu suka zama kangaye. Na san in na hau motar nan ba zan dawo in tarar da Inna da rai ba, watakila ma ba zan tarar da kowa ba. Abin da nake nema guda ne, abin da zan riƙe in ciyar da mutum shida ba tare da na bar gari ba. Tabki kuwa ya ja baya ƙwarai, amma bai ƙafe ba. Mai ɗakina ce ta fara faɗa.

"Malam, gona ta ƙi, amma ruwa na nan. Ka tahi wurin Baba shi koya maka."

Na ce, "Da gemuna?"

Ta ce, "Gemu ba shi hana ilimi. Kuma ba a dahwa shi."

Baba tsohon masunci ne da ke zama ƙarƙashin waccan tsamiyar, gajere, baƙi, mai kaifin harshe. Duk wanda ke shiga ruwa ta gefenmu ta hannunsa ya bi. A lokacin ba a rubuta suna, ba a cika takarda. Goro biyar na nema na kai masa, na durƙusa gaban samarin da na girme su nesa ba kusa ba. Ya juya goron a hannu ya ce, "Ɗan manoma, mi ya kawo ka bakin ruwa? Ko hauyarka ta hwaɗa ciki?" Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Baba ya harare shi ya ce, "Busasshe ma in an jiƙa shi yana lanƙwasa. Zamna nan." Daga ranar sunana ya ɓace, na zama Ɗan Manoma, har yau akwai tsofaffin da ba su san ina da wani suna ba.

Koyarwarsa ba ta baki ba ce. Bai taɓa cewa ga yadda ake yi ba. Sai dai ka zauna kusa ka zuba ido, in ka yi daidai ya yi shiru, in ka kuskure ya yi tsaki. Sati biyu ina murza zaren auduga a cinya har gashin wurin ya ƙare. Na daka bagaruwa na jiƙa, wadda ake tsoma raga ciki ta yi ja don kada ruwa ya ruɓar da ita. Na kama igiya daga gaɓa tare da masu ja, kuma al'ada ce duk wanda hannunsa ya taɓa igiya yana da na miya, ko tarwaɗa biyu ko ƴan karfasa. Da wannan muka riƙe rai, ba ƙoshi, ba mutuwa. Sai dai akwai doka: ɗan koyo ba ya ja don kansa sai ya saƙa ragarsa da hannunsa, Baba ya duba ya yarda. In bai yarda ba, babu mai haɗa hannu da kai a ruwa, ka koma inda ka fito. Ranar da ya ga hannuna ya faɗa da ƙulli sai ya ba ni zare, da allurar itace, da wani ɗan guntun katako mai santsi wanda ake naɗa zare a kai don idon raga ya fito daidai. Ya ɗora yatsunsa uku a kan katakon, faɗinsu ɗaya. "Wanga shi ne ido," ya ce. "Tahi."

Na tafi gida na fara. Na yi layi biyu na ɗaga ragar na duba, sai na ga duk ramuka ce. Ni fa manomi ne. An koya mini in bi bayan masu girbi in tsince ƙwayar da ta faɗi. A gidanmu wanda ya zubar da hatsi tafi guda sai ya sha mari. Yanzu kuma a ce in zauna in saƙa abin da rabin kifi zai bi ta ciki ya wuce, ga ƴaƴana haƙarƙari a waje? Na ce a raina tsohon nan bai san yunwa ba, shi ya sa yake kyauta da abinci. Na ajiye katakonsa, na fere wani siriri, faɗin yatsa guda da kaɗan, na ci gaba da shi. Aikin ya ninka, zare ya ƙare, na karɓo na Inna wanda ta kaɗa tun idonta na gani. Mai ɗakina ta leƙo sau ɗaya ta ce, "Malam, haka anka gwada maka?" Na ce ta kula da tukunyarta. Kwana ashirin da ɗoriya na yi, na gama raga matsattsiya, wadda ko fara sai ta yi sallama kafin ta wuce. Wallahi alfahari nake da ita.

Na kai ta da hantsi, lokacin da mutane suka fito daga ruwa, tsamiya cike. Na shimfiɗa ta gaban Baba. Samari suka zuba ido, don ƙullin ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Baba ya jawo gefe guda, ya haɗa yatsunsa uku ya tura cikin ido. Suka ƙi shiga. Ya gwada wani wuri, ya gwada can tsakiya. Na ga ya kai hannu ga wuƙar da ke ƙugunsa, na ce shi ke nan, don na taɓa ganin ya raba ragar wani gida biyu ya kore shi. Washegari kuwa ranar kasuwa ce, kamiyo na nan tafe. Amma bai zare wuƙar ba. Ya daɗe yana kallon ragar, ba ni ba, sannan ya ce wa mutanen, "Ku ba mu wuri." Da suka watse ya yi magana da wata murya mai taushi wadda ban san yana da ita ba.

"Ɗan Manoma, ka cinye irinka ko?"

Na buɗe baki in yi ƙarya, hawaye suka riga ni. Ƙato da gemu, uban ƴaƴa uku, ina kuka gaban tsoho kamar yau aka yaye ni. Bai rarrashe ni ba, bai kuma yi tsaki ba. Ya jira har na gama.

"Ɗiyan kihin ga da kake son tarewa," ya ce, "su ne damin da munka rataye. Ruwa ba shi da rumbu, ramukkan ga su ne rumbunmu. Ka ci na tudu, yunwa ta sa ka, Allah ya gani. Amma na ruwa ba naka ba ne kai ɗai."

Na ce, "Baba, in tahi ke nan?"

"Ka tahi ina? Zaren ga na tsohuwarka ne, na san kaɗinta, ba ni yanka shi. Zamna ka kwance. Ƙulli ɗai-ɗai, yadda ka ɗaura."

Wanda bai taɓa kwance raga ba bai san haƙuri ba. Ƙullin da ka ja da ƙarfinka sai ka bi shi da tsinin ƙaya kana lallashi, in ka yi garaje zare ya tsinke. Nan ƙarƙashin tsamiya na yi shi, gaban kowa, ina jin kamiyo ya yi ƙugi ya tashi da maƙwabcina da wasu maza bakwai na unguwarmu. Samari suka yi ta tsokana, wai Ɗan Manoma na yi wa ragarsa maimai. A kwana na uku Baba ya matso, ya kama ɗaya gefen ya fara kwancewa. Ba wanda ya ƙara dariya. A kwanakin nan na san ƙulli fiye da duk abin da na sani ina ɗaurawa. Na sake saƙa ta a kan katakonsa. Ya tura yatsa uku suka wuce, ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ne takardata. Ranar da na fara ja na tsaya cikin ruwa iya ƙugu ina jin ƙananan kifi suna gogar ƙafata suna ficewa, raina na cewa kaico, amma abin da ya rage cikin ragar ya cika ƙwarya biyu. Mai ɗakina ta musanya guda da dawa. A ranar aka ji turmi a gidanmu.

Da shamuwa ta dawo, hadari ya fara haɗowa, Baba ya kira ni bayan tsamiya ya miƙo mini wani abu naɗe cikin tsohon buhu. Zangarniyar hatsi ce, ba ta kai rabin dami ba, ya musanyo ta da kifin banda wurin wani abokinsa na garin Sarkin Yamma. "Ba irin ubanka ba ne," ya ce, "amma shi ma na uban wani ne. Ka riƙe shi da kyau." Shi nake shukawa har yau, damina ina gona, rani ina ruwa. Inna ta ƙara shekara shida, a hannuna ta cika, ni na sa ta a kabari. Maƙwabcina da ya hau kamiyo ba mu ƙara jin labarinsa ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: wa ya gaya wa Baba? Na tsare mai ɗakina na ce ita ta kai maganar wurin matarsa. Ta rantse, na ƙi yarda. Muka yi kwana biyu ba ma magana, kuma shekara da shekaru duk ranar da muka saɓa sai na tono shi, na ce ai mai bakin da bai riƙe asirin rumbu ba me zai riƙe. Takan ce, "Malam, in na mutu ka tambayi Allah." Baba kuwa na sha yin niyyar tambayarsa, kunya ta hana ni, har ƙasa ta rufe shi. Ita ma ta tafi, bana shekara huɗu. Ban taɓa ce mata na yarda ba.

To yanzu ga ni a santir, Litinin da Laraba, kan kujerar roba. Gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta ko ba ta yi mini daɗi ba: wurin nan yana da alherin da tsamiya ba ta da shi. Ba a tambayarka ɗan wane ne kai. Ba a sa ka durƙusa gaban sa'o'in ƙanenka su yi maka dariya. Mata na koyon banda da kiwon kifi cikin kududdufan siminti, zawarawa na fita da keken ɗinki. Da a zamanina akwai shi, da watakila maƙwabcina bai hau kamiyo ba. Amma komai da gaggawa ake yi. Zaren roba ne cikin kwali, ba wanda ya san hannun da ya kaɗa shi. An rubuta faɗin ido a tablo, allon bango, da lambobi, mutane su kwafe cikin kaye, wasunsu ko karatun ba su iya ba. Ana sanin doka, ba a sanin dalilinta, dokar da ba ka san dalilinta ba kuwa yunwar kwana biyu ta isa ta karya ta. Ni dai na zo da katakon Baba, wanda ya yi baƙi don tsufa, na fere musu irinsa kowa guda.

Cikin masu koyon akwai wani mutum daga wani ƙauye ta hanyar Safo, zai yi shekara arba'in, dogo, ba shi da yawan magana. Da amalanken jaki yake ciyar da iyalinsa, jakin ya mutu, gonar kuma bara tsutsa ta cinye hatsin. A ƙasa yake tahowa, ya riga kowa zuwa. In an raba abincin rana sai ya ci rabi ya ƙulle rabi cikin leda, yana tsammanin ba a gani. Hannunsa ya fi na kowa kyau da ƙulli. Na ba su sati biyu kowa ya saƙo tasa daga gida. Ranar dubawa ya shimfiɗa tasa gabana yana murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Na haɗa yatsuna uku na tura. Suka ƙi shiga.

Ban san tsawon lokacin da na yi riƙe da ragar ba. Na dubi idanun nan matsattsu, layi bayan layi, kowane ƙulli an ja shi da ƙarfin mutumin da ya rantse ba abin da zai ƙara kuɓuce masa. Ba marowaci ke saƙa irin wannan ba, ba kuma jahili ba, don katakon na cikin aljihunsa, ya san awon sarai. Na san hannun nan. Sai a nan, kan kujerar roba, bayan shekarun da ba na iya ƙirgawa, na gane babu wanda ya gaya wa Baba komai. Baiwar Allah mai ɗakina gaskiya ta faɗa. Na so a ce tana gida in koma in gaya mata, ko da za ta yi mini gori har magariba.

Madam ta leƙo ta ce, "Baba, ba komi, akwai zare cikin kwali. Shi yar da wagga shi sake wata, lokaci na tahiya."

Na ce, "Ɗiyata, wagga ba a yar da ita. Ku ba mu wuri."

Da suka fita mutumin ya sunkuyar da kai, murmushin ya tafi. "Baba," ya ce, "an kore ni ke nan?"

Tambayar tsohon nan tana kan harshena, amma na haɗiye ta. Ni na san nauyinta, kuma na riga na san amsar. Na ce, "Samo mana ƙaya biyu ka zamna." Na kama gefe guda ya kama guda. Muna kwancewa na gaya masa yadda ruwa ba shi da rumbu, da dalilin da ya sa ake barin ƙananan kifi su wuce. Nasa rumbun ban taɓa shi ba.

Ranar Laraba da safe na hau rumbuna, jikoki na ta cewa zan faɗo, na ciro zangarniya daga cikin iri gwargwadon abin da hannu biyu za su riƙe, na naɗe cikin buhu. Na kira shi bayan ginin, inda ba kowa, na miƙa masa. Ya buɗe ya gani. Ya daɗe bai ɗago kai ba.

"Baba," ya ce, "ko tsohuwata ba ta sani ba. Daga ni sai mai ɗakina. Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Kada ka tahi ka tsare baiwar Allah da tambaya. Ragarka ta gaya mini."